Ina son gina ƙaramin layin dogo a ɗaki, ta ina zan fara?

Baban Umaru, Gaundare

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki, domin na kai wani wuri da ban san ta inda zan ɓullo masa ba. Wata biyu da suka wuce ƙanena da yake aiki a Faransa ya aiko wa ɗana Umaru, mai shekara tara, da ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ya saya a hannun wani da ya daina amfani da shi. A cikin kwalin akwai kan jirgi ɗaya, da taragu huɗu, da guntayen dogo waɗanda idan aka harhaɗa su suke ba da zagaye mai siffar ƙwai, sai kuma akwatin wuta mai maɓallin ƙara gudu da rage shi. A jikin kwalin an rubuta Jouef, a ƙasansa kuma HO. Mun yi ta shimfiɗa shi a kan tabarma bayan sallar isha'i, amma jirgin yana yawan tsayawa a mahaɗar dogo, kuma kullum sai mun kwance shi saboda ƙanwarsa da take rarrafe.

Gaskiyar magana ita ce abin ya shiga raina fiye da yadda ya shiga ran yaron. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu ya yi, kuma ina ƙarami yakan riƙe hannuna mu je tasha ranar lodi. Har yanzu ina ganin yadda ake kora shanun su hau gangaren da aka yi musu, suna turjiya a bakin tarago, makiyaya suna ɗaga sanda suna kiran sunayensu, ƙaho yana bugun ƙarfe. Dogon nan ya iso garinmu a 1974, kuma a nan ya ƙare, bai ƙara gaba ba. Abin da nake so in gina shi ne wannan tashar tamu: ginin fasinja, da layin da ake sauke kaya daga tarago zuwa manyan motocin da za su nufi Garwa da Kuseri da Njamena, da shingen shanu, da dutsen nan namu mai dunƙulen dutse a kansa yana leƙowa daga baya.

Ɗakin da nake da shi mita uku ne da mita uku da rabi, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, kuma keken ɗinkin uwargida yana ciki, ba zai fita ba. Niyyata ita ce in sayi cikakken allon filawud in jingina shi da bango, in yi zagaye biyu, ɗaya ya hau gada ya tsallake ɗaya. Ƙanena zai zo babbar salla, kuma ya ce in rubuta masa abin da zai riƙo mini. Shin wannan tsari zai yiwu a ɗaki irin wannan? Me ya kamata in sa ya sayo, me kuma zan iya samu a kasuwarmu? Sannan yaya ake yi da ƙura da ɗauke wuta?

Tsohon Kafinta, Garwa

Wa alaikumus salam. Baban Umaru, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya raya maka Umaru. Kafin ka rubuta wa ƙanenka ko da kalma ɗaya, ina roƙonka ka ajiye maganar cikakken allon nan, domin ni na bi wannan hanya kuma na san inda take kaiwa. Allon filawud santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo. Hannun babban mutum, idan ya tsaya a bakin tebur ya miƙa shi ba tare da ya kwanta a kan abin da ya gina ba, bai cika wuce santimita 60 zuwa 70 ba. Idan ka jingina allon da bango, rabinsa ya fita daga hannunka ke nan, kuma tarago ba ya zaɓen inda zai sauka daga kan dogo, sau da yawa ma can ƙuryar da ba ka kaiwa yake faɗuwa. Idan kuwa ka janyo shi tsakiyar ɗaki don ka riƙa zagaya shi, to ka cinye ɗakin gaba ɗaya, uwargida ta rasa wurin kekenta, kuma aikin da ya takura wa mutanen gida ba ya daɗewa.

Abin da ya dace da kai shi ne kanta mai bin bango, faɗinta santimita 45 zuwa 50, tsawonta gwargwadon bangon. Ka yi sa'a da tashar da kake son ginawa ƙarshen layi ce. Jirgi yana shigowa ne ya tsaya, a kwance taragu, a juya kan jirgi ta layin gefe, a sake haɗawa ya koma inda ya fito, kuma duk wannan a miƙe ake yinsa, babu buƙatar zagaye. Ka yi kantar gida biyu ko uku, kowane gida kada ya wuce santimita 120, a ɗaure su da noti, domin ranar da za ku tashi daga gidan ko za a yi fenti ka iya fitar da su ta ƙofa.

Maganar katako kuwa, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Teburina na farko a watan Agusta na haɗa shi, da ɗanyen katako da na sayo ana tsakiyar damina, na kafe dogon da ƙusa, na matse kowace mahaɗa har babu inda allura za ta shiga, ina ganin hakan shi ne tsabtar aiki. Da hunturu ya kama, iska ta bushe, katakon ya tsuke, ƙarfen dogo kuwa bai tsuke tare da shi ba. Wata safiya a watan Janairu na ɗaga zanen da nake rufe teburin da shi, na tarar dogon ya karkace a wuri uku kamar maciji ya bi ta kan yashi, ɗaya ma ya fizge daga kan katakansa na roba ya karya su. Aikin wata huɗu ne ya lalace a ranar. Saboda haka ka sayi katakon tun yanzu, ka jingina shi a cikin ɗakin da zai zauna ya sha iska mako uku ko huɗu, ka shafa masa fenti ko banish ciki da waje har da gefuna, sannan idan ka zo shimfiɗa dogo ka bar ɗan tsaga a wasu mahaɗai, wajen rabin milimita. Filawud mai kaurin milimita 9 ko 10 ya isa idan ka yi masa firam a ƙasa da sanduna a gicciye kowane santimita 40. Ƙafafun kada su taɓa ƙasa kai tsaye saboda gara, ka ɗora su a kan guntun tayil, kuma ka bar ɗan rata tsakanin kantar da bango.

Abu na ƙarshe, ka ɗauki alli ka zana tsarin a kan simintin ɗakin daidai girmansa na gaskiya, ka jera guntayen dogon da taragun a kai. Abin da yake shiga a takarda ba kullum yake shiga a ɗaki ba.

Mai Gyaran Rediyo, Njamena

Salamu alaikum. Mu a Chadi ba mu da layin dogo ko taku ɗaya, amma kaya masu yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu a tasharku suke sauka daga tarago kafin su hau mota, don haka abin da kake son ginawa ya shafe mu. Baba na Garwa ya gama maganar katako, ni zan tsaya a kan wuta.

Da farko ka juya akwatin wutar ka karanta abin da aka rubuta a bayansa. Tunda daga Faransa ya fito, za ka ga bolt 220 ko 230, kuma wannan daidai yake da wutarmu. Amma ka gargaɗi ƙanenka kada ya sayo akwatin da aka yi don Amurka, mai 110 ko 120, domin yana shiga soket zai ƙone. Gargaɗi na biyu ya fi wannan muhimmanci. Jirginka yana karɓar wuta ne ta ƙarafan dogo biyu, ɗaya na kai wa, ɗaya na dawowa, har zuwa wajen bolt 12. Kamfanonin Jouef da Roco da Piko duka a wannan tsari suke, kayansu suna hawa dogo ɗaya. Märklin na Jamus kuwa, ko da yake shi ma HO ne, wato girmansa ɗaya da naka, yana ɗaukar wuta ne ta wasu ƙananan ƙusoshi da suke jere a tsakiyar dogo, kuma irin wutarsa dabam ce. Kan jirginsa ba zai yi tafiya a dogonka ba, taragunsa ma suna iya haɗa maka wuta saboda ƙafafunsu na ƙarfe ba a raba su ba. Ana samunsa da yawa a kasuwar kayan hannu a Turai, kuma yana da kyau a ido, shi ya sa nake faɗa tun da wuri.

Tsayawar da jirgin yake yi a mahaɗa, dalili biyu ne. Ƙananan maƙalan ƙarfen da suke riƙe dogo da dogo sun saki saboda yawan kwancewa da ɗaurawa, sannan zaren tabarma da ƙura suna shiga ƙafafun kan jirgin. Idan ka kafe dogon a kanta, kada ka dogara da maƙalan nan su kai wuta. Ka ja wayoyi biyu masu ɗan kauri a ƙarƙashin allon daga farko har ƙarshe, ja da baƙa, sannan kowace mita ɗaya ka fito da siraran wayoyi ta huda ka liƙa su da dalma a gefen waje na ƙarfen dogon. Ja kullum a ƙarfe ɗaya, baƙa kullum a ɗayan. Idan tsohon dogon da ke kwalin na ƙarfe ne mai tsatsa, wanda mayen ƙarfe yake kamawa, to ka sa a sayo maka sabo na farin ƙarfen nikel, wanda ba ya tsatsa kuma dalma tana kama shi da sauƙi. A ganina wannan ne ya kamata ya zo a farkon takardar da za ka aika, kafin wani sabon kan jirgi.

Ƙura ba a gama yaƙi da ita a ƙasarmu, sai dai a rage. Ka rufe kantar da zane mara gashi duk lokacin da ba a wasa, ka goge saman dogon da tsumma mai ɗan sifirit na kemis kafin a kunna. Kada ka kuskura ka sa masa sanfefa, domin tana barin ƙananan kurji da datti yake maƙalewa a ciki, gobe ya fi na yau. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa wa haƙoran injin, fiye da haka ƙura yake kira.

Ɗauke wuta ba matsala ba ce ga irin jirginka. Batirin sola mai bolt 12 yana tafiyar da shi, idan ka haɗa da ƙaramin allon rage gudun mota irin wanda masu sayar da kayan lantarki suke da shi. Sai dai wajibi ne ka sa fis mai amfiya ɗaya ko biyu dab da batirin, saboda idan tarago ya sauka ya haɗa ƙarafan biyu, batir yana iya turo wutar da za ta narkar da waya ta kama katako, alhali yaro yana tsaye a wurin. Tsarin DCC, wanda yake ba mutum damar tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya kowanne da lambarsa, ka bar shi tukuna. Wayoyin da na kwatanta maka za su yi masa aiki duk ranar da ka kai gare shi.

Malamar Lissafi, Marwa

Assalamu alaikum. Ni da ɗalibaina mun gina ƙarami a ajinmu don koyar da ma'auni, kuma daga nan abin ya bi ni har gida. Malam Baban Umaru, HO ma'anarsa an rage komai sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.70 zai koma kusan santimita biyu, ƙofa mai mita biyu ta koma milimita 23, motar kaya mai mita 12 ta koma wajen santimita 14, bishiyar mangwaro mai mita goma ta kai santimita 11 da rabi. Ka rubuta 87 a bangon da kake aiki, duk abin da za ka yanka ka auna na gaskiyar ka raba. Wannan lissafi shi ne kuma zai nuna maka cewa tashar ba za ta shiga ɗakinka yadda take ba, domin fili mai tsawon mita 500 yana buƙatar kusan mita shida. Dole ka zaɓi abu uku ko huɗu da duk ɗan garin da ya gani zai ce nan tasharmu ce, ka matso da su kusa da juna, sauran ka bar su. Dutsen ma zana shi za ka yi a allon baya, ba gina shi ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu don kada wani ya faɗa maka daga baya ranka ya ɓaci. Dogon HO tazarar ƙarafansa milimita 16.5 ce, wadda take wakiltar babban dogo mai milimita 1435 irin na Faransa. Namu na Kamaru, daga Duwala zuwa Yawunde har Gaundare, mita ɗaya cif ne, wanda idan aka raba da 87 yake ba da milimita 11 da rabi. Masu son daidaito suna amfani da dogo mai milimita 12 da ake kira HOm, amma kayansa kaɗan ne, suna da tsada, kuma yawancinsu jiragen Suwizalan ne. Shawarata ka zauna a kan abin da ke hannunka. Fenti da jar ƙasa da shanu masu dogon ƙaho su ne za su sa wurin ya zama Adamawa, ba milimita huɗu da rabi ba.

Gadar da kake so ka ajiye ta. Kafin jirgi ya tsallake wani a HO yana buƙatar hawa wajen santimita takwas, kuma hawan da ƙaramin inji yake ja ba tare da ƙafafunsa sun yi ta sulɓi ba shi ne santimita biyu a kowace mita. Mita huɗu ke nan na hawa, wasu huɗu na sauka, ɗakinka kuwa uku da rabi ne.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne maganar zagaye. Ya yi gaskiya cewa kanta ta fi dacewa da ɗakin da kuma tashar, amma yaro ɗan shekara tara yana son ya ga jirgi yana gudu ba tsayawa, ya kwantar da kansa a gefen dogo yana jiran ya sake ɓullowa. Na ga haka a ɗalibaina. Idan aka ɗauke masa wannan, aikin zai zama na uba shi kaɗai. Lanƙwasar da take zuwa a irin wannan kwali yawanci rabin faɗin da'irarta wajen santimita 36 ne, don haka allo mai faɗin santimita 90 zai ɗauke ta har da rata a gefe. Ka kafe masa tsohon dogon a kan allo nasa na kansa wanda za a jingina a bango bayan wasa, sabon dogon kuma ya tafi kanta.

A kan kantar ma akwai wasan da zai riƙe ku ku biyu. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da tsarin da ake kira Inglenook: layukan ajiya uku, ɗaya mai ɗaukar tarago biyar, biyu masu ɗaukar uku-uku, da macanjin layi biyu kacal, sai wutsiyar layi, inda jirgi yake ja da baya don ya canja layi, wadda take ɗaukar kan jirgi da tarago uku. Ana zuba tarago takwas, a jefa ƙuri'a a fitar da biyar, a ce a jera su bisa tsarin da suka fito. Jerin da zai iya fitowa 6,720 ne. Da gajerun taragu, mita biyu ta isa, kuma layukan uku su ne naka na fasinja da na kaya da na shanu.

Kayan ado kada ka sa a sayo ko ɗaya. Yashin kogi da aka tankaɗe shi ne tsakuwar dogo, jar ƙasarku ita ce filin tasha, dusar katako da aka rina ita ce ciyawa, wayar tagulla da aka murɗa ita ce bishiya. Ana zuba su a bushe, a fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan a ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka rabi da rabi da ruwa. Sai dai ka soya ƙasar a tsohuwar tukunya ta bushe sarai, kuma ka bi ta da mayen ƙarfe. Za ka yi mamakin baƙin garin da zai maƙale masa, wanda da a cikin injin jirginka zai ƙare.

Baban Umaru, Gaundare

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowannenku da alheri. Jiya da daddare ni da Umaru muka zana da alli kamar yadda Baba ya ce, kuma a nan na ga da idona cewa cikakken allon da ya hana ƙofar buɗuwa. Bangon da ba shi da taga ya ba mu mita uku da santimita 40, mun tsayar da faɗin a kan 48, keken ɗinki kuma ya zauna inda yake. Na gwada tsohon dogon da mayen ƙarfen tsohuwar lasifika, ya kama shi, don haka shi zai tafi allon Umaru kamar yadda Malama ta ce. Akwatin wutar 220 ne. Takardar da zan aika wa ƙanena yanzu ta ƙunshi dogon nikel mita takwas, da maƙalansa, da macanjin layi huɗu, biyu na dama biyu na hagu, da taragun kaya gajeru guda huɗu don su cika takwas, kuma na rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa ban da mai ƙusoshi a tsakiya.

Saura tambaya ɗaya ga Baba. Wane tsayi zan ba kantar daga ƙasa? Idan na yi ta daidai ni, Umaru ba zai gani ba, idan kuma na yi ta daidai shi, ƙanwarsa za ta kai hannu nan da shekara.

Tsohon Kafinta, Garwa

Ka yi ta santimita 110 daga ƙasa, ɗana. A wannan tsayi kai za ka yi aiki a tsaye bayanka bai gaji ba, za ka iya zama a ƙarƙashinta ka liƙa wayoyin da mai gyaran rediyo ya faɗa, ƙaramar kuma ba za ta kai ba sai ta yi wayon da za a iya yi mata magana. Umaru ka haɗa masa benci mai faɗi da ragowar katakon, tsayin santimita 25, mai tsawon da zai iya takawa ya bi jirgin daga shingen shanu zuwa ginin fasinja. A bakin kantar kuma ka kafa siririn katako da ya ɗara saman allon da santimita uku, domin kan jirgin da ya faɗo daga wannan tsayi a kan siminti ba ya gyaruwa. Katakon ka saya a makon nan, ya fara shan iska kafin ƙanenka ya iso.